Kanumfari a Aljihun Abba

Unguwar Dosa, Kaduna

Abba,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Abuja lafiya, ka tarar da ɗakin da aka yi maka alkawari, da ruwa a famfo ko da na makon farko ne. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya sa albarka a aikin da ka samu.

“Mama, bar jakar nan, ni zan haɗa kayana.” Haka ka ce mini jiya da hantsi, ka taso da sauri har kana tuntuɓe da takalmi. Tun da aka haife ka ban taɓa ganin ka ninke riga da hannunka ba, sai jiya Allah Ya shirye ka. Na ajiye jakar na fita. Amma kafin in ajiye, hannuna ya riga ya ji abin da ke cikin ƙaramin aljihun gefe, mai kusurwa huɗu. Na daɗe a aikina, ba sai na zuge zip ba.

Kana shan sigari. Na rubuta shi ƙarara don kada mu ɓata takarda wajen kewaye-kewaye. Na sani tun kana shekarar ƙarshe a jami'a, lokacin da na fara tsintar kanumfari a aljihun rigunanka in za a kai wanki. Kai da ko kunu aka sa wa kanumfari sai ka ture kofin, rana ɗaya ka zama mai tauna shi. Daga nan turare ya ƙaru. Daga nan sayen katin waya ya zama doguwar tafiya, alhali shagon yana bakin layinmu.

Za ka ce me ya hana ni magana. Ni ma na tambayi kaina. Na yi karatun jami'a, na tsaya da lasifika a gaban maza cike da fili na yi musu bayanin huhu da jijiyoyin jini ba tare da muryata ta yi rawa ba. Amma kai ɗan fari ne, ga shi sunan kakanka aka sa maka, ko sunan naka ba na iya kira sai dai in ce Abba. Na sha yi wa wannan kunyar dariya a gaban ƙawayena, in ce al'adar kakanni ce, sannan in dawo gida in bi ta sau da ƙafa. To ga takarda. Ita ba ta jin kunyar kowa.

Kada ka ji tsoro, ba lacca zan yi maka a kan cutar daji ba. Ka girma a gidan da fostar baƙin huhu ce ake shimfiɗa wa a ƙasan kwanukan kicin. Ka san komai. Abin da zan gaya maka shi ne kurakuran da na yi a shekarun da na kwashe a sashen wayar da kai na ma'aikatar lafiya ina yaƙi da taba, domin ba na so in maimaita su a kanka, kuma ba na so kai ma ka yi wa kanka su.

Da na fara aikin, na ɗauka masu shan sigari ba su sani ba ne. Ina ganin da zarar an gaya wa mutum abin da hayaƙi ke yi wa ƙirjinsa, zai yar da karan ya taka ya yi mana godiya. Muka buga takardu masu sheƙi, aka fassara su daga Turanci zuwa wata irin Hausa da ban taɓa jin wani mai rai ya yi magana da ita ba. Muka raba a Kinkinau, shago shago, da riguna da huluna masu rubutu. Bayan 'yan kwanaki na bi ta wajen da safe na tsaya sayen ƙosai, mai ƙosan ta naɗe mini shi a cikin takardar da ni na rubuta da hannuna. Ta ce takardar tana da kyau, ba ta shan mai. Wannan shi ne yabo mafi gaskiya da aikina ya taɓa samu.

Ina tsaye a nan ina cin ƙosan, sai na kalli mai teburin da ke gefe. A lokacin muna ta taro a otal-otal muna neman a riƙa buga hoton ruɓaɓɓen huhu a jikin kwalin sigari, muna ganin ranar da aka yi haka an gama. Na ga kafinta ya zo, ya miƙa canji, aka zaro masa kara ɗaya, ya kunna da ashanar mai tebur ya tafi. Ɗan acaɓa ya zo, kara ɗaya. Tela ya leƙo, kara biyu. Babu wanda ya taɓa kwalin, balle ya ga abin da ke jikinsa. Kwalin yana hannun mai tebur, shi kuwa ba ya sha. Mun shekara muna faɗa a kan hoton da mutum ɗaya ne a layi zai riƙa ganin sa.

Kai ma da kara-kara ka fara, na sani, domin ɗalibi ba shi da kuɗin kwali, kuma kwali ba ya ɓoyuwa a gidan nan. Jiya ne karo na farko da na ji kwali guda a kayanka. Wato hoton ya iso gare ka, ka kalle shi, ka biya kuɗi, ka sa a jaka. Saboda haka kada ka zauna jiran ranar da tsoro zai kama ka ka daina. Tsoro yana zuwa, amma yakan makara, sai ya tarar da mutum a layin asibiti.

Kuskure na biyu ya fi ba ni dariya in na tuna, ko da yake takardar yabo na samu a kansa. An tura mu Rigasa. Kafin mu fara, wani abokin aikinmu matashi ya zaga garejin makanikai da wuraren masu shayi yana hira da samari, suka gaya masa gaskiya cewa yawancinsu suna sha, domin sa'ansu ne, wasu ma suka miƙa masa kara. Muka yi watanni muna wa'azi da majigi da wasan kwaikwayo. Da lokacin auna nasara ya yi, shugabanmu ya ce a yi abin cikin mutunci, a tara jama'a a ƙofar gidan mai unguwa. Aka shimfiɗa tabarmi, ga liman, ga dattawa a kan kujeru, ga samari a tsaye a baya. Ni ce na karɓi lasifika na ce duk wanda har yanzu yake shan sigari ya ɗaga hannu.

Ko hannu ɗaya bai tashi ba. Wane yaro ne zai ɗaga hannu a gaban ubansa da surukinsa da limamin da ya raɗa masa suna? Shugabanmu ya yi ta murmushi, muka rubuta rahoto cewa an sami gagarumar nasara. Da muka tashi, motarmu ta zaga ta bayan katangar makarantar firamare, sai ga samarin nan a jere a inuwa. Suna hango mu kowa ya mai da hannunsa baya, ya dunƙule karan a tafin hannu, ya rusuna yana gaishe mu cikin ladabi, hayaƙi yana tashi ta bayan wuyansa. Na gani, na gane, kuma ban gyara rahoton ba, domin shugabanmu ya riga ya sa hannu a kai.

A ranar na san abin da muke koya wa mutane. Muna koya musu inda za su sha ne. Kunya tana kore sigari daga zaure, ta kai ta bayan katanga, a nan kuma take barin ta. Abin da ya fi muni, wanda ya ɓoye shan ba shi da bakin da zai nemi taimako ranar da ya so bari, domin a idon kowa ai ba ya sha.

Wannan shi ne dalilin takardar nan, Abba. Duk tsawon lokacin nan kunyarmu ce take riƙe da kai. Sai ka nemi dalilin fita, ka yi nisa, ka sha ɗaya da sauri, ka tauna kanumfari, ka tsaya iska ta buge ka kafin ka shigo. Wahalar nan ita ce ta hana abin yin yawa. Daga yau kana da ɗakinka, da makullinka, da albashinka, kuma duk garin babu wanda za ka mai da hannu baya dominsa. Wanda yake shan kaɗan a gidan iyayensa, in ya sami ɗaki shi kaɗai, ba a daɗewa sai ka ga ta zama abin farko da safe kafin shayi. Ina tsoron watannin nan na farko fiye da yadda nake tsoron hanyar Abuja. A cikinsu za a san ko abin zai zama ɗan tarihin samartaka, ko zai zama abokin zamanka har tsufa.

Za ka haɗu da masu shisha, su ce maka ai ruwa yana tace ta, ga ƙamshin tuffa. Taba ce ta sa turare, kamar kai.

Ba na ce duk aikinmu banza ba ne. Akwai abin da na ga ya yi tasiri, sai dai ba irin wanda ake ɗauka hoto ba ne. Da aka hana sha a cikin ofisoshi, mutanen da a da suke kunna ɗaya da wutar ɗaya a kan teburinsu suka ga sai sun sauka bene sun tsaya a rana, da yawa suka rage don ƙiwa kawai. Da kuɗinta ya tashi, yara 'yan sakandare suka rage farawa. Ba wa'azinmu ne ya yi wannan ba, wahala ce. Ka yi amfani da wannan a kanka. Kada ka ajiye ta a ɗaki. Kada ka sake sayen kwali. Ka bar ta ta ci gaba da zama abin da sai ka sa takalmi ka fita nema, domin na san ƙiwarka, kuma karon farko ke nan da nake fata ta yi maka amfani.

Akwai kuma abin da yake gabanmu kowace shekara muka kasa gani. Duk Musulmin da ke shan sigari a garin nan yana barin ta daga asuba zuwa magariba wata guda cur, ba fosta, ba majigi, ba hula mai rubutu. Direban da zai rantse maka ba ya iya awa ɗaya ba ita, ga shi yana wuni. Mu kuwa me muke yi da azumi? Muna dakatar da fita, mu ce jama'a sun gaji, a bari sai bayan Salla. Watan da rabin aikin ya riga ya yi kansa, shi ne muke hutu. Ka yi azumi tun da ka fara sha, ka san kana iya wuni babu ita. Wurin da ake faɗuwa ɗan ƙarami ne, tsakanin shan ruwa da asham. Wanda ya tsallake wannan ya yi nisa.

Ban koyi wannan a ofis ba. A wajen babanku na koya, kuma a makare.

Ka san yana sha a da, ko da yake ba ka taɓa ganin ta a hannunsa ba. Tun yana sakandare ya fara. Na aure shi da ita, ina ganin wata uku ya ishe ni in raba su, ni da nake da digiri a kan abin. Na sa masa takardunmu a ƙarƙashin kwanon abinci. Na manna fosta a bayan ƙofar banɗaki. In ya shigo in buɗe taga ba tare da na ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo. Sai ya daina sha a gida, ya koma mota da majalisarsu ta bakin titi. Na lissafa wannan a cikin nasarorina, irin ta Rigasa.

Ya yi ƙoƙarin bari, ba sau ɗaya ba. Yakan zo da murnarsa ya ce, “Malama, yau kwana uku.” Malama yake kira na in yana so ya tsokane ni. In ya yi mako ya koma, na ji warin a babbar rigarsa, sai in ce, “Ranka ya daɗe, an koma bakin aiki ke nan? Hutun bai yi tsawo ba.” Ina ganin wasa nake yi. Shi ma yakan yi dariya. Amma daga baya ya daina gaya mini in ya fara ƙoƙari. A wajen aiki ina karanta cewa yawancin masu bari sai sun faɗi sau da yawa kafin su tsaya, har ina koya wa ma'aikata haka. A gida kuwa kowace faɗuwa tasa abin ba'a ce a wurina. Bakina yana da kaifi, ka sani, kai ma ka gada.

Ka san yadda aka yi ya bari? Tari ya matsa masa, ya je asibiti bai gaya mini ba. Likitan bai tambaye shi ko ya san illarta ba. Ya tambaye shi wane lokaci ne ya fi jin son ta, da wa yake sha, me yake yi da hannunsa in babu ita. Ya rubuta masa magani mai rage ƙaiƙayin, ya ce ya dawo ko ya bari ko bai bari ba. Azumi ya kama, babanku ya riƙa shan ruwa a masallaci ya zauna a nan har a yi asham, bai bi ta majalisa ba. Ni ina ta yaba masa a raina cewa tsufa ya kawo ibada. Sai can bayan Babbar Salla, ina jera rigunansa, na kai ɗaya hancina na ji ba komai sai sabulu. Na tambaye shi. Ya ce ai tun azumi. Na ce me ya sa bai gaya mini ba. Ya ce yana so ne ya tabbata tukuna, kada ya ba ni abin magana.

Mutumin nan ya ɓoye mini barin sigari kamar yadda ya ɓoye mini shan ta. Ni da ake biya albashi don in taimaki mutanen gari su bari, ni ce ta ƙarshe da mijina zai nema.

Ya bari, amma ta riga ta ci abin da ta ci. Kana ganin yadda yake tsayawa a gindin dalbejiyar gidan Alhaji Sani in za shi masallaci, ya yi kamar yana duba waya. Ba waya yake dubawa ba, numfashi yake jira ya dawo. Da ya sami wanda zai gaya wa faɗuwarsa ba a yi masa dariya ba, wataƙila da ya bari tun kana goye. Wannan lissafin nawa ne, ba naka ba. Naka shi ne kada ka yi ƙoƙarin bari a ɓoye kai kaɗai, don gudun kada a ga ka faɗi. Za ka faɗi. Ka tashi washegari ka sake, ba sai ka jira wata sabuwar shekara ko wani azumin ba. Ka je asibiti ka faɗa wa likita da bakinka, akwai magani, ba abin kunya ba ne. In ka haɗu da mai yi maka lacca irina, ka canza likita.

Yau da safe, kana wanka, na sami babanku a baranda na ce masa akwai maganar da nake so in yi a kanka. Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya ce ya riga ni sani, tun ranar da ka karɓi makullin mota a hannunsa ya ji warinta a yatsunka, domin kanumfari baki yake wankewa, ba ya wanke hannu. Na ce to me ya sa ya yi shiru. Ya ce da wane bakin zai yi maka faɗa, shi da ka girma kana jin tarinsa ta bango. Wato shekara da shekaru muna zaune mu uku a gida ɗaya, kowa ya sani, kowa yana tausaya wa ɗan'uwansa da shiru. Ya juya yana kallon titi ya ce:

“Ki gaya masa in abin ya motsa masa ya kira ni, ko ina masallaci zan fito. Ke illarta kika sani, Malama. Ni na san daɗinta.”



To ka ji saƙonsa. Ba sai ka yi masa bayani ba, ba sai ka nemi gafara ba, ba sai ka ambaci sunan abin ba ma. Ka kira shi bayan magariba ku yi hirar ƙwallo ko tsadar mai har abin ya lafa, ya ce ba ya daɗewa in an sami abokin magana. Shi ya san hanyar, ya bi ta da ƙafarsa. Ni kuma ga nawa alkawarin, kuma ya fi mini wuya fiye da yadda kake zato: ranar da ka ce mini ka yi mako ka koma, ba zan ce komai mai daɗin faɗi ba. Zan ce Allah Ya ba da sa'a a na gaba, in tambaye ka ko ka ci abinci.

Ban taɓa kwalin ba. Na yi tunanin in cire in jefa a masai, sai na tuna ko a tasha ma akwai mai tebur, kuma na gaji da nasarar da ake rubutawa a rahoto. Yana nan inda ka sa shi. Takardar nan a gefensa zan sa ta, don na tabbata aljihun da za ka fara buɗewa ke nan.

Babanku zai kai ka tashar jirgin ƙasa a Rigasa. Ni ba za ni ba, za a ce uwar ɗan fari ta yi rashin kunya, kuma yau al'adar ta yi mini rana, don ba na so ka ga fuskata. Akwai suna a Malali, can zan tafi in zauna cikin mata in yi ta sukar abincinsu.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane da na zuciyarka. Allah Ya ba ka numfashi mai tsawo, ka hau bene da jikokinka a kafaɗa ba ka tsaya duba waya ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai cikin aminci.

Ga muryarka can a waje kana sallama da maƙwabta. Bari in sa wannan a inda na ce, in ja maka ƙofar ɗakin yadda na same ta, in ɗauki mayafina in fita ta baya.

Mamanka